Kawu da Direban Tifa

Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara kama sitiyari, kuma ba sha'awa ce ta kai ni ba. Maigidana ne ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki wata safiya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallame mu daga asibiti aka ce sai mun riƙa komawa a yi masa gashin jiki sau uku a mako. Motarsa tana nan ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta da tamfol, tayoyin har sun fara saki. 'Ya'yanmu biyu mata ne, duk suna karatu a nesa. Sai na koma tarar tasi a bakin titi, ni da shi da keken guragu. Direbobi da yawa in sun hango keken sai su ƙara wuta. Ranar da wani ya ja mota tun ban gama shigar da ƙafar maigidan ba, har murfin ƙofa ya sale masa fatar ƙauri, ranar na ce ya isa haka. Na wanke ciwon, na ɗaure, na ja gyalena na tafi wurin Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya haura saba'in, kuma ya fi shekara arba'in yana tuƙi, tun daga ƙananan motocin haya har manyan na dakon kaya. Da ciwon baya ya matsa masa ya ajiye, ya koma zaman benci a garejin wani bakanike abokinsa, yana yi wa masu kawo gyara faɗa a kan yadda suke wulaƙanta inji. Gajere ne mai kaurin damtse, wuyan hannunsa na dama a karkace. Ni a kantin magani nake aiki, don haka tun da daɗewa Likita yake ce mini, da zolaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce zai koya mini, amma in sani cewa a cikin mota shi ba kawuna ba ne. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Mun fara a filin wata masana'anta da aka rufe, inda ciyawa ta tsattsago ta tsagar siminti. Tun ranar farko ya raina motar. Ya leƙa ƙasan sitiyari ya ga babu kuloci, ya ce wannan ai keken ɗinki ce, taka kawai ake yi. Ya ce motar da ya koya da ita giyarta a jikin sitiyari take, kuma ba a tayar da ita da makulli, sai an zura ƙarfe ta gaba an juya da ƙarfin tsiya. Wata safiya ƙarfen ya dawo da baya ya karya masa hannu, shi ne karkacewar da nake gani. Ya ce birkin waɗancan motoci sai ka taka sau uku kafin ya tuna aikinsa, don haka tun daga nesa kake fara lallashinsa. In tanki ya tsage a daji, sabulu ake murzawa a liƙe. In lagireto ya tafasa, ka jira ya huce ko ya dafa maka fuska, kuma ya san mutum biyu da bai bari suka jira ba. Yana ba da labarin nan kamar mai zagin tsohuwar matar da ya saka amma har yanzu yana tuna girkinta.

Akwai guntun fambel, robar nan ta injin mota, da yake yawo da shi a aljihu, tsawon kamu ɗaya. Da shi yake dukan gaban mota in na yi kuskure, ƙarar kamar an harba bindiga. In na tayar ban duba madubi ba, duka. In na sha kwana ban sa sigina ba, duka. In na manta bel, ba ya ma magana, sai ya zare makulli ya jefa waje, in fita in nemo a cikin ciyawa. Abin da ya fi nanatawa shi ne tazara. Ya ce tsakanina da motar gabana ya zama mota uku za su shiga, in ana ruwa biyar, don hanya ba ta kashe mai jinkiri, mai liƙe wa gindin wani take kashewa.

A mako na biyu wayata ta yi ƙara ina tafiya, na ga lambar gida ce, na miƙa hannu. Ban ma kai ga taɓa ta ba na ji fambel a bayan hannuna. Fata ta tsage a kan ƙashin yatsu biyu, jini ya ɗigo kan siket ɗina. Kafin in dawo hayyacina ya ɗauki wayar ya wurga ta taga, ta daki siminti ta tarwatse. Na taka birki har muka yi gaba muka dawo. Na ce masa ni matar aure ce mai 'ya'ya manya, ba jaka ba, kuma mijina ne mara lafiya yake kira. Ya ce to in na mutu a hanya wa zai ɗauki kiran na gaba. Na fita na bar masa motar, na taka da ƙafa har bakin titi ina kuka.

Kwana uku ban koma ba. Na je na nuna wa mahaifiyata hannun, ta daɗe tana kallo. Ta ce yayanta da ba haka yake ba, shi ne mai ba su dariya a gida har cikinsu ya ƙulle. Wata tafiya ya yi tun ni ina goye, ya dawo ya zama wani mutum, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi. A rana ta huɗu sai ga shi da motar a ƙofar gida, an wanke ta, an sa wa tayoyi iska. Bai ba ni haƙuri ba. Ya miƙo mini makulli kawai, na lura babu fambel a aljihunsa. Da tafin hannu ya ci gaba da dukan gaban motar.

Ba ni kaɗai nake shan zafinsa ba. Ranar da muka fara shiga ƙananan layuka, wani direban bas ya wuce mu ta hannun da bai dace ba, ya kusa kwashe wata mata da ke tsallakawa. Da danja ta tsayar da mu gaba ɗaya, Kawu ya ɓalle bel ya fita, ya zura hannu ta tagar bas ɗin ya shaƙo kwalar mutumin, ya wanke shi da mari. Direban ƙato ne, ya buɗe ƙofa ya naushi Kawu a baki ya zubar da shi kan kwalta. Fasinjoji ne suka raba. Kawu ya dawo mota yana tofar da jini, ya ɗaura bel, ya ce danja ta ba ni hannu, me nake jira.

A mako na biyar ya ce lokacin babban titi ya yi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ne, rana ta fara zafi. Mun liƙa jar alamar 'yan koyo gaba da baya. Titin yana gangarawa a hankali zuwa wata mahaɗa da kasuwa ta cinye gefenta, masu teburi sun baje har kan kwalta. Tun daga saman gangaren wata tifa cike da yashi ta liƙe mini. In na kalli madubi ba na ganin komai sai haƙoran gabanta. Direban yana ta danna hon. Na ce wa Kawu bari in ƙara gudu in rabu da shi. Ya ce kada in kuskura, in riƙe tafiyata, in ƙara tazara da motar gabana, da mun sami wuri mu ba shi hanya.

Ba mu sami wurin ba. Wani ɗan dako ya turo baro cike da kankana ya shigo titi bai duba ba. Motar gabana ta ci birki. Ni ma na taka, a hankali sannan da ƙarfi, yadda aka koya mini, na tsaya da sauran fili a gabana. Sai na ji kukan birkin tifa a bayana, dogo, ba ya ƙarewa. Direban ya karya sitiyari don ya kauce mini, amma gefen tifar ya daki ƙugun motarmu ya juya ta kamar faranti, muka koma muna kallon inda muka fito. Bel ya datse mini ƙirji har numfashi ya ɗauke. Tifar ta wuce ta hau kan teburan bakin titi, ta yi ta niƙa katako da kwanuka har sai da ta daki sandar wutar lantarki ta tsaya.

Ba ka jin komai sai lemo yana gangarowa kan kwalta. Sannan wata mata ta kurma ihu. Wani tsoho mai sayar da lemo yana ƙarƙashin tayar baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ba a ganinsa.

Mu aka fara yi wa ca, don mu ne a tsakiyar titi da jar alama. Na ji ana cewa 'yar koyo ce, mace ce, ita ta jawo. Dutse na farko ya fasa gilashin gaba, ya yi zane kamar saƙar gizo. Na biyu ya shigo ta tagar Kawu ya same shi a kafaɗa. Wani ya fizge ƙofata, ya damƙi gyalena da gashina tare ya ja, bel ne kawai ya hana shi fitar da ni. Wani ya mare ni ta gefe har kunnena ya toshe. Kawu ya kwanto ta kaina ya kama yatsun mai jan gashin ya lanƙwasa su baya, na ji ƙarar ƙashi, mutumin ya saki yana ihu. Can wata mai sayar da kifi ta shigo tsakani tana faɗa da ƙarfi cewa ita a gabanta aka yi, matar nan ta tsaya cak, tifa ce ta taho a guje. Kamar an juya garke, duk suka bar mu suka nufi tifar.

Direban ya riga ya sauko. Magidanci ne mai tumbi, da furfura a gemu, da silifas ɗaya a ƙafa. Ya ɗaga hannuwa yana cewa birki ne ya ƙi. Da ya ga yawansu ya juya zai gudu, bai yi taku biyar ba ya taka kankana ya faɗi. Suka rufe shi. Da ƙafafun teburan da ya karya suke dukansa, wasu da ƙusa a jiki. Wani ya hau tifar ya sauko da shebur ɗin yashi, ya ɗaga sama ya sauke masa a gadon baya, ya sake ɗagawa. Ina ganin hannun mutumin yana fitowa ta tsakanin ƙafafu yana neman abin kamawa, ana take shi. Ba wanda ya koma ta kan tsoho mai lemo sai mutum uku da ke ƙoƙarin tono shi. Sai na ji an ce a kawo taya, wani kuma ya ce ga mai a babur ɗinsa.

Ban ga lokacin da Kawu ya fita ba. Ganinsa kawai na yi yana kutsawa cikinsu, yana ture manyan maza da kafaɗa, hularsa ta faɗi. Da ya isa tsakiya bai ce da kowa ya bari ba. Ya kwanta a kan direban, ya rungume kansa da hannu biyu, ya rufe shi da jikinsa. Na ɗauka ganin furfurarsa zai sa su tsaya. Wasu sun ja da baya, amma na bayan ba su ma san an canza wanda ake duka ba. Shebur ɗin nan ya sauka a haƙarƙarin Kawu. Wani katako mai ƙusa ya same shi a fuska. Suna jan ƙafarsa su raba shi da mutumin, ya ƙi saki. Na ji muryarsa ta fito daga ƙasa, a shaƙe.

"In ƙonawa za ku yi, ku haɗa da ni."

Mai babur ya iso da gora cike da fetur. Ni dai na san hannuna ya murɗa makulli, kuma motar ta tashi, duk da bayanta ya lotse. Na sa giya, na ɗora tafin hannu a kan hon ban ɗaga ba, na saki birki kaɗan kaɗan. Ban taka totur ba ko sau ɗaya. Motar ta riƙa tafiya kamar kunkuru tana tura cinyoyin mutane, suna dukan bonet da hannu da itace, suna zagina da uwa da uba, amma suna matsawa. Ta cikin fasasshen gilashin nake leƙe ta wani ɗan wuri da bai tsage ba. Da na ga rigar Kawu a gabana na tsaya na ja hambirki.

Mai goran ya watsa fetur a kan bonet, warin ya cika motar. Ya shiga laluben ashana a aljihu. A nan ne wani mahauci ya fito daga rumfarsa da jini a gaban riga da doguwar wuƙa a hannu. Bai ɗaga wuƙar ba, a gefen cinyarsa ya riƙe ta. Ya tsaya tsakanin mai goran da motar ya ce masa, a hankali, ya ƙyasta in ya isa, su ga wa zai riga wani. Mai kifin nan ta zo ta tsaya kusa da shi, sai wani tela da almakashi a rataye a wuya, sai wasu mata biyu. Taron ya fara sanyi, kowa yana kallon na kusa da shi. Muka ciccibi Kawu da direban muka zuba a kujerar baya, ɗaya kan ɗaya. Masu tono sun sami jawo tsoho mai lemo, aka kwantar da kujerar gaba aka sa shi a kai. Ƙafafunsa ba su da siffar ƙafa. Mahaucin ya matsa ya zauna a baya ya tallafe kan Kawu.

Asibitin da nake kai maigidana ne mafi kusa, tafiyar minti goma sha biyar. Ban taɓa bin hanyar ina tuƙi ba. Tayar baya tana gugar ƙarfe tana kuka, jini yana bin ƙasan motar har ƙarƙashin takalmina. Mahaucin yana ta ce mini in taka, Hajiya, in taka. Ban wuce yadda na iya ba, don na san in na ƙara, mu biyar za a kwasa. Tsohon yana ta kiran sunan wata, ina jin 'yarsa ce. Kafin mu shiga ƙofar asibiti ya daina.

Direban tifa ya rayu. An sami tsaga a ƙoƙon kansa, hannunsa ɗaya bai ƙara miƙewa daidai ba, daga baya kuma aka gurfanar da shi, don binciken da aka yi ya nuna birkinsa ya daɗe da lalacewa kuma ya sani. Kawu ya karye a haƙarƙari uku da damtse, ƙusar kuma ta tafi da idonsa na hagu. Kwana goma sha tara ya yi a kwance. Ni nake zuwa da rana in na fito daga ɗakin gashi, in ajiye maigidan a kekensa kusa da taga, in zauna in ba Kawu abinci da cokali, yana ƙorafin an mai da shi jariri.

Wata la'asar maigidan ya yi barci a keke, na tambayi Kawu abin da ya kai shi kwanciya a kan mutumin da ya kusa kashe mu.  Ya ce akwai wani abokinsa da ake kira Dogo, tare suke jan wata tsohuwar motar kaya, suna karɓar juna a hanya. Ranar da abin ya faru shi ne a sitiyari, Dogo yana gefe yana barci. Tun da safe ya ji birkin yana nutsewa, ya ce bari su kai kayan tukuna a duba. A gangaren wani gari, ranar kasuwa, ya taka sau uku, sau biyar, ba komai. Motar ta shiga cikin mutane ta kashe uku, ta kife ta gefen Dogo. Shi ya fita ta gilashin gaba da ya fashe, ƙura ta rufe ko'ina, ya shige cikin taro ba wanda ya lura. Dogo da ya farfaɗo, ƙofarsa tana ƙasa, sai ya hauro ta ƙofar direba. A nan suka gan shi.

"Ina tsaye, Likita. Kamar daga nan zuwa ƙofar can. Yana kiran sunana, ba don ya tona ni ba, nemana yake in cece shi. Na rufe bakina. Har suka gama."

Ya ce ya dawo gida ya ce wa kowa Dogo ne ke tuƙi. Ya je zaman makoki ya zauna kwana uku tare da 'yan'uwan mamacin. Shekara arba'in ke nan bai faɗa wa ko matarsa ba har ta rasu.  Na goge masa ruwan da ke fita daga idon da ya rage, na tattara kwanuka.

Bayan wata biyu, da aka cire masa filasta, ya ce in kai shi garin su Dogo. Na ce ya bari ya ƙara warwarewa, ya ce wanda ya haura saba'in ba ya ajiye abu sai gobe. A lokacin na sami lasin, an gyara bayan motar. Na bar maigidan wurin mahaifiyata muka kama hanya da sassafe, tafiyar awa biyu da rabi. Duk tsawon hanyar bai gyara mini tuƙi ba.

Mun yi tambaya sau uku kafin aka nuna mana shagon ɗan Dogo. Kafinta ne, dogo kamar yadda aka ce ubansa yake, furfura ta fara fito masa. Yana goge wata ƙofa muka same shi. Da Kawu ya ce shi abokin mahaifinsa ne, ya ajiye aikin ya kawo mana benci da ruwa, yana ce masa Baba. Kawu bai sha ruwan ba. Ya faɗi maganar a tsaye, tun daga birkin har ƙofar direba, bai rage komai ba. Kafintan ya saurara yana murza ɗan yatsa a kan katako. Da aka gama ya ce shekararsa shida lokacin, kuma ya tashi ana nuna shi ana cewa ga ɗan wanda ya kashe mutum uku. Ya ce wannan magana ba shi za a faɗa wa ba, mu biyo shi.

Gidan yana bayan shagon. Mahaifiyarsa tana zaune a tabarma a inuwar bango, tsohuwa ƙarama, tana tsince wake a tire. Kawu ya durƙusa da ƙyar saboda haƙarƙarin, ya sake maimaitawa. Ba ta daina tsintar ba har ya kai ƙarshe. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ai na sani. Da ƙurji a tafin ƙafa ya bar gidan nan, ko takalmi bai iya sawa ba. Ya ce mini kai za ka ja har ku dawo."

Kawu ya tambaye ta me ya hana ta faɗa, ga shi ya zo ya zauna a ƙofarta kwana uku. Ta ce wa zai yarda da ita a lokacin, kuma in an yarda, sai a je a kashe wani a bar wata da marayu. Ta ce ta zuba ido ne ta ga ko zai zo da ƙafarsa, har ta cire rai.

Ɗan bai san uwarsa ta sani ba. Na ga fuskarsa ta canza, ya dubi uwar, ya dubi Kawu. Sai ya ɗaga hannu ya kwaɗa wa Kawu mari da bayan hannu, a gefen idon da ya mutu. Kawu ya kife kan tiren, wake ya watse a tsakar gida. Tabon da ƙusar ta bar masa a gira ya buɗe. Kafintan ya juya ya ɗauki wani guntun katako da ke jingine, na shiga gabansa na riƙe masa hannu da hannuwana biyu. Uwar ta kira shi sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ta ce ya ajiye. Ya tsaya yana huci, sannan ya wurga katakon ya daki bango, ya fita. Muna jin sa a shago yana jefar da kaya.

Tsohuwar ta sa aka kawo ruwa a buta. Na wanke wa Kawu fuska, na danne ciwon da audugar da nake yawo da ita a jaka. Ya roƙe ta gafara. Ta ce nata haƙƙin ta daɗe da barinsa, na ɗanta kuma ba a hannunta yake ba, na mutum ukun nan ma ba ita za a tambaya ba. Ta ce mu tafi tun rana ba ta yi zafi ba, ta sunkuya ta fara tattara wakenta daga ƙasa. Na durƙusa zan taya ta, ta ce in bari.

Da muka fito, ƙofar shagon a rufe take. Kawu ya tsaya a gabanta ya yi sallama sau biyu, ba a amsa ba. Na kama hannunsa na kai shi mota. A hanya jinin ya ƙi tsayawa, sai da muka ratse wani ƙaramin asibiti aka sake yi masa ɗinki huɗu. Ma'aikaciyar ta tambaye shi garin yaya, ya ce faɗuwa ya yi. Mun iso gida bayan la'asar, na sauke shi a ɗakinsa, na wuce ɗauko maigidan. Bayan mako biyu ya sa na sake kai shi, kafintan ya ƙi fitowa. A zuwa na uku ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa bai ba mu wurin zama ba, ya tambayi Kawu wane irin mutum ne mahaifinsa, don shi ba ya tuna ko muryarsa. Na koma mota na bar su a tsaye, suka yi kusan awa ɗaya.